Ya Ji Tarin Bijimi, Mu Ba Mu Ji Nasa Ba

Da kakar bana Yaya Hamisu ya cika shekara bakwai a ƙasa. Shekara bakwai ke nan ana yi mini tambaya guda, ni kuma ina jin nauyin amsarta. Duk wanda ya ce, "Malam, wai me ya yi ajalin yayan naka?" sai na tsaya ina laluben kalmar da za ta rufa mana asiri. Wani lokaci na ce ciwon ƙirji, wani lokaci na ce gajeriyar rashin lafiya, irin yadda ake faɗa a sanarwar rasuwa. Yau dai zan faɗa a fili kowa ya karanta. Mura ce ta kashe shi, kuma mu muka taya ta.

Na san akwai mai karatun da zai yi murmushi a nan. Murmushin nan nasa shi ne dalilin wannan rubutu.

Yaya Hamisu wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara tara. A gida ɗaya muka tashi cikin garin Daura, ba nisa da Kusugu. Ni aka sa ni boko na ƙare a koyarwa, shi ya bi mahaifinmu kara, wato wurin da ake cinikin shanu a kasuwa, ya zama dillali. Malamin alli yake kirana, ni kuma ba na fushi, domin ba ƙarya ya yi ba. Daga Baure har Mashi, har can bakin iyaka da Nijar, babu karar da ba a san shi ba. Ba don iya baki aka san shi ba, ko da yake ya iya. An san shi ne da kunne.

Yaya yana iya tsayawa a tsakiyar kara, shanu na kuka, mutane na rantse-rantse, ya ji tarin dabba guda daga can nesa, ya gane ko ƙaiƙayi ne ya shaƙe ta ko kuwa ciwon huhu ne, wanda makiyaya ke tsoro saboda yana iya share garke. In ya ji irin wannan tarin, ciniki ya ƙare. Zai sa a ware dabbar a wani turke daban, a kira malamin dabbobi a ranar, ba gobe ba. Mai dabba ya yi fushi ko ya yi magiya, Yaya bai san wannan ba. Na sha jinsa yana faɗa wa Fulani abokan hulɗarsa cewa ciwon dabba ranar farko ake tare shi, wanda ya bari ya kwana uku ya kira mahauci kawai.

To, mutumin nan ne ya dawo daga kasuwar Baure wata rana da yamma, lokacin ana tsakiyar yankan gero, jikinsa na kyarma. Ya ce lafiya lau ya fita da safe, lokaci guda abin ya rufe shi: zazzaɓi, ciwon kai, gaɓoɓi kamar an yi masa duka, da wani busasshen tari. Matarsa, Yaya Talatu, ta tambaye shi. Ya ce 'yar mura ce. Muka ce Allah ya sawwaƙe, kowa ya kama gabansa.

Washegari na raka shi wurin mai kemis na bakin layinmu. Ya ɗora bayan hannunsa a goshin Yaya, ya ce maleriya ce. Gwajinsa ke nan, bayan hannu. Ya yi masa allura, ya haɗo shi da kafso masu launi biyu. A ƙasar nan duk zazzaɓi maleriya ne har sai mutum ya mutu, sannan a ce ajali ne. Ban ɗora wa mai kemis laifin duka ba, domin ni da nake taƙama da takarda ina tsaye a wurin, har godiya na yi masa.

A rana ta uku muka yi masa sirace. Yaya Talatu ta tafasa ganyen darbejiya da na turare da na lemun tsami, ni na lulluɓe shi da bargo a kan tukunyar, na danne gefunan bargon da hannuna don kada tururi ya fita. Yana tari a ciki, ni ina cewa ya daure. Da ya fito ya jiƙe sharkaf, aka ba shi farfesu mai yaji ya sha. Zuwa safiyar rana ta huɗu zafin jikin ya sauka. Ni da bakina na ce, "Ai shi ke nan, ta fita da gumin."

Sai 'yan dubiya suka cika ɗaki. Wannan al'ada tamu tana da kyau, ban ce ba ta da shi ba, amma ku duba yadda muke yinta. Mutum yana kwance yana tari, an rufe taga wai kada iska ta buge shi, kowa ya shigo sai ya ba shi hannu, a zauna gwiwa da gwiwa ana hira. Kuma da yake an ce mura ce, ba dubiya aka zo ba, tsiya aka zo yi masa. Wannan ya ce ashe gwarzon kara ma yana da abin da ke kayar da shi. Wancan ya ce ko jaririn gidansa ba ya kwanciya don majina. Ni ma na sa baki. Na ce Yaya, in an ji labari a Mashi ai sai bijimai su raina ka. Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Amma na ga yadda ya gyara zama ya janye bargon daga ƙafarsa.

A garinmu namiji yana iya kwanciya don hawan jini, ko ciwon suga, ko karaya, a yi masa sannu da mutunci. Amma bai isa ya kwanta don mura ba. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba, sai dai kowa ya haddace ta.

Washegari, rana ta biyar, kasuwar Mashi ke ci. Ya aiko a kira ni, na same shi ya sa riga ya ɗaura rawani. Ya ce hannunsa ba ƙarfi, in zo in tuƙa shi. Yaya Talatu tana bakin ƙofa tana girgiza mini kai, na yi kamar ban gan ta ba. Na ɗora shi a bayan babur muka kama hanya, iskar safiya tana dukan ƙirjinsa tun daga Daura har Mashi. Duk tarin da ya yi a hanya, a gadon bayana ya yi shi.

Abin da ya faru a karar Mashi shi ne ba na iya mantawa. Muna shiga, wani Bafulatani ya jawo masa wani farin bijimi mai kyan gani, ga mai saye a tsaye. Yaya ya jingina da turke yana maida numfashi da ƙyar. Sai bijimin ya yi tari sau ɗaya. Yaya ya ɗaga hannu. Ya ce, "Janye shi daga cikin 'yan'uwansa. Ka kira malamin dabbobi yanzu, kada ka bari rana ta faɗi." Kafin ya kai ƙarshen maganar sai da ya tsaya sau biyu yana neman iska. Ni kuwa ina gefe ina jin daɗi, ina cewa a raina kunnen Yaya yana nan daram. Tari biyu na ji a wurin nan, na bijimi da na ɗan'uwana. Na bijimin kaɗai ya dame mu.

A rana ta shida zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa, leɓunansa suka yi duhu, ba ya iya haɗa kalma uku. Sai a lokacin muka nufi asibiti. Likitan ya saurari ƙirjinsa, ya ɗago ya tambaye ni kwana nawa da farawa. Na ce shida. Bai yi mini faɗa ba, kallona kawai ya yi, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ga dukkan alamu wannan ba murar da muka saba ba ce, wadda suke kira infuluwenza ce, kuma ta riga ta sauka huhu biyu. Na ce ya tabbata? Ya ce ba su da abin gwada ta. Aka sa masa oksijin, aka yi iya abin da za a iya. Kwana biyu bayan nan, ana fitowa daga sallar la'asar, rai ya yi halinsa.

Har yau ba ni da takardar da ta faɗi sunan abin da ya kashe wana. Abin takaici, kakanninmu suna da sunanta. Marisuwa suke ce mata, kuma in tsoho ya ambace ta sai ya rage murya, domin sun san abin da ta taɓa yi wa garuruwa. Mu muka yar da sunan, muka zuba ta a ƙwarya ɗaya da atishawar da ake yi in an sha ruwan sanyi, muka kira su duka mura.

Abin da ya tayar mini da wannan miki a bana shi ne 'yata Safiya, wadda ta karanci harhaɗa magunguna, take kuma aiki a Kano. Ta zo gida hutu, muna zaune a tsakar gida, take ba ni labarin inda bincike ya dosa a kan wannan cuta. Ta ce yanzu masana ba ƙwayar cutar kaɗai suke fuskanta ba, sun juya ga garkuwar jikin mutum, wato sojojin da Allah ya halitta mana a cikin jini don yaƙar cuta. Zan faɗa yadda na fahimta, in na yi kuskure laifina ne, ba nata ba.

Ta ce ƙwayar infuluwenza kamar ɓarawo ce mai sauya riga. Sojojin jiki sun san rigar bara, bana ta zo da wata, su kasa gane ta da wuri. Shi ya sa allurar rigakafinta ma sai an riƙa sabunta ta. To yanzu ana ƙera irin waɗannan sojoji a ɗakin gwaji, waɗanda ba rigar suke duba ba, wani sashen jikin ƙwayar suke kamawa wanda ba ta iya sauya shi da sauƙi. Sai a sa wa marar lafiya su ta jijiya kamar ƙarin ruwa, ba sai an jira jikinsa ya haɗa nasa ba. An kuma gwada ɗibar ruwan jinin waɗanda suka warke a ba wanda ke kwance.

Ɗaya hanyar ita ta fi taɓa ni. Safiya ta ce sau da yawa ba ƙwayar cutar kaɗai ke lalata huhu ba, sojojin jikin ne ke haukacewa su wuce gona da iri, kamar mai korar ɓera a rumbu da wuta. Huhu ya kumbura, ya cika da ruwa, mutum ya rasa inda zai sa iska. Don haka ana neman magungunan da za su ja wa garkuwar jiki linzami ba tare da sun kwance mata ɗamara ba. Tana magana, ni kuwa leɓunan Yaya nake gani.

Na ce mata zan rubuta wannan a jarida. Ta ce, "Baba, don Allah kada ka ce an samu magani. Yawancinsu ana kan gwaji ne, wasu ma an gwada ba su yi abin da aka zata ba. Kuma ko wanne ne, ya fi aiki in an zo da wuri. Ai ko yanzu akwai ƙwayar maganin da ake ba mai infuluwenza, amma a kwana biyun farko ta fi amfani."

Kwana biyun farko. A kwana biyun farko mu muna wurin mai kemis yana auna goshi da bayan hannu.

Na yi ta tunanin abin da Yaya zai ce da ya ji wannan labari. Na san ba zai yi mamaki ba. Zai gyara rawani ya ce, malamin alli, ashe masu farar riga sai yanzu suka iso inda makiyaya suke. Daga nan zai tambayi abin da ya fi kowanne muhimmanci: a rana ta nawa ake ba da shi? In aka ce masa ta farko ko ta biyu, zai yi tsaki ya ce to ba namu ba ne, mu mutanen rana ta shida ne.

A nan fushina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. A ce gobe an kammala gwaji, an cika mota da wannan sabon magani an sauke a Daura kyauta. Wa za a ba? Likitan da ba shi da abin gwajin da zai raba infuluwenza da maleriya, ta yaya zai san wanda ya dace? Magidancin da muka koya wa cewa abin kunya ne ya kwanta don mura, yaushe zai iso? Ni dai a iya sanina ban taɓa ganin an yi shela a unguwarmu cewa tsofaffi da masu ciki da masu ciwon suga su fito rigakafin wannan cuta ba, alhali na sha ganin an tara shanu ana yi musu nasu. Ban ce a daina yi wa shanu ba. Cewa na yi mai shanun ma rai gare shi.

Da korona ta zo, na zaci mun koyi darasi. Kowa ya san tari na yaɗuwa, kowa ya ji sunan oksijin, aka sa bokitin wanke hannu a ƙofar masallaci. Tana lafawa muka koma gidan jiya. Bokitan ma an mayar da su na alwala. Yau ka shiga ɗakin mai tari ka ce a buɗe taga, a rage cinkoso, sai a ce ka cika iyayi, ko kana ƙyamar ɗan'uwanka. Alhali bayan rasuwar Yaya, Yaya Talatu kanta sai da ta yi mako biyu a kwance, da wasu daga cikin 'yan dubiyar nan masu dariya. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Kada kuma wani ya aiko mini da wa'azin ƙaddara. Na yi imani da ita, na san Yaya ba zai ƙara ko daƙiƙa a kan kwanansa ba. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya umarce mu da neman magani. Ajalinsa na Allah ne. Bargon da na danne, da tsiyar da na yi masa, da babur ɗin da na tuƙa, waɗannan nawa ne, kuma ni za a tambaya.

Da na so in tsaya a nan, sai dai wata uku da suka wuce abin ya sake ƙwanƙwasa mana ƙofa. Nura, babban ɗan Yaya, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ya gaji sana'ar. Ya biyo ta zaurena da hantsi zai gaishe ni ya wuce kasuwar Baure. Ya durƙusa, kafin ya gama gaisuwa ya juya kai ya yi tari. Busasshe. Idanunsa jawur.

Na ce yaushe ta fara? Ya ce, "Jiya da yamma, Baffa, lokaci guda ta rufe ni. 'Yar mura ce."

Na ce masa ya tashi, asibiti za mu. Na fita waje na zare makullin babur ɗinsa na sa a aljihu. A dakalin ƙofar gida akwai wani dattijo, abokin Yaya, wanda yake cikin masu dariyar nan shekara bakwai da suka wuce. Da ya ji inda za mu, ya ce, "Haba Malam, ƙato guda za ka kai asibiti don majina?" Na ce masa, "Alhaji, kai ne ka kama makarar ubansa ta gaba, ni na kama ta baya. Majinar nan ce." Ban taɓa yi wa babba magana haka ba, kuma ban ba shi haƙuri ba.

A asibiti aka gwada jinin Nura, babu maleriya. Abin gwajin infuluwenza kuwa, bayan shekara bakwai, har yanzu babu. Likita ta ce ya koma gida ya kwanta a ɗaki shi kaɗai, ya sha ruwa da yawa, in numfashi ya sauya ko zazzaɓi ya tafi ya dawo, mu zo ko takalmi kada mu tsaya nema. Na hana 'yan dubiya shiga, aka yi ta zagina a unguwa. A rana ta huɗu jikinsa ya yi sanyi, ya aiko a karɓo masa makulli, wai ya warke kuma akwai masu jiransa a kara. Na ce a gaya masa ubansa ma a rana ta huɗu ya warke. A rana ta biyar zazzaɓin ya dawo, numfashi ya yi nauyi. Kafin a kira azahar yana kan gadon asibiti. Kwana uku ya yi aka sallame shi.

Ban ce makulli ne ya raya shi ba, Allah ne. Ban kuma ce sabon maganin nan ne ba, domin ko ƙamshinsa bai iso mana ba, kuma ban san ko zan ga isowarsa ba. Ina yi wa masu binciken fatan nasara da zuciya ɗaya. Amma kafin kayansu su iso, aikin da ya rage namu ne: mu daina dariya, mu matsa wa masu iko su kawo abin gwaji, mu riƙa zuwa a rana ta biyu.

Gonar Yaya an raba, rawaninsa ya tsufa a akwati, a kara ma sababbin dillalai da yawa ba su san sunansa ba. Abin da ya bari wanda bai ruɓe ba shi ne dokar nan tasa ta turke, wadda ya yi wa dabbobin mutane shekara da shekaru, mu kuma muka kasa yi masa ita sau ɗaya. Makon jiya na je kabarinsa tare da Nura. Bayan mun yi addu'a Nura ya yi gaba, ni na ɗan tsaya. Ba wani dogon zance gare ni ba. Na ce, Yaya, ɗanka ya yi tari a zaurena, kuma wannan karon na ji.

Allah ya jiƙanka, ya yafe mana.